Allon Lissafi Ba a Wanke Shi

Moshi Zongo, Tamale.

Zuwa ga autata Rahinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, motarku ba ta ba ku wahala a hanyar Bimbila ba, kuma ɗakin da hedimasta ya ce ya nema miki ba ya yoyo. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙauyen da gwamnati ta tura ki. Wannan takarda na cusa ta ƙarƙashin robar yajin da ke cikin jakarki, don na san halina. In na ce da baki zan faɗa miki a tasha, kuka ne zai riga magana fita, ke kuma ki ce, "Mma, mutane fa na kallonmu."

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Magana ce a kan jan biron nan da na ga kin saya kina ta juya shi a hannu. Daga ranar Litinin ke ce malamar lissafi a ƙaramar sakandare. 'Ya'yan mutane za su miƙe tsaye su ce miki Madam, ke za ki ce wannan ya ci, wancan ya faɗi. Ni kuwa tun da takardarki ta fito nake dariya ni kaɗai a bakin murhu, har masu sayen ƙosai suna tambayata ko lafiya. Lafiya lau! Abin da ba su sani ba shi ne, saura ƙiris lissafin nan ya raba ki da makaranta kina fom tu, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Kin san labarin, amma da idon yarinya kika gan shi. Yau ki ji shi daga bakin uwar yarinyar, don irina za ki tarar a can, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ni karatun allo na yi, kuma ban yi shi da wasa ba. A zauren mahaifina na sauke, har yau kuma matan unguwa suna zuwa ɗaukar karatu wurina bayan la'asar. Abin da na sani game da karatu bai da yawa: a rubuta a allo, a biya, malam ya gyara, a haddace, a wanke allon tas, a rubuta na gaba. Allo mai dagwalo abin kunya ne ga ɗalibi da iyayensa. A haka na tashi, a haka na raini yayyenki, ban taɓa zaton akwai wani karatu a duniya da ba haka ake yinsa ba.

Da babanki ya rasu, Allah ya jiƙansa, kina firamare, sai maganarki ta koma hannun wansa, Baffanki Isifu mai kai doya Kumasi. Mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba, amma boko ba ta taɓa burge shi ba. Ranar da kika shiga fom wan ya zauna a kan tabarmata ya ce, "Adiza, in tana ci, ta ci gaba. Amma ranar da aka ce ta maimaita aji, na ɗauke ta ke nan, ta je ta koyi ciniki a shagon atamfar matata. Ba zan zuba ido 'yar ƙanena ta tsufa a kan benci ba." Na ce na yarda, har da murmushina. Me zan ji tsoro? A lokacin kina cikin na gaba-gaba a ajinku.

Da kika shiga fom tu aka kawo muku sabon malamin lissafi, Ticha Ziblim, ɗan Dagomba, siriri, mai zuwa daga unguwar Vittin a kan babur da littattafai ɗaure a baya da roba. Makon farko ya tara iyaye don ya faɗi yadda zai riƙa ba da maki. Na je kuwa. Na ci ado, na zauna a bencin baya, ya yi ta bayani da Turanci yana juyawa da Dagombanci, ni kuwa Dagombancina na kasuwa ne, iyakarsa nawa ne da rage mini. Ko kalma ban kama ba. In ya dubo wajenmu sai in gyaɗa kai kamar na fi kowa ganewa. Da ya ce akwai mai tambaya, girman kai ya riƙe mini hannu. Malama guda, wadda mata ke durƙusa wa, ta tashi a gaban jama'a ta ce ba ta gane ba? Na tashi na kama hanyar gida da rashin sanina.

Sai daga baya na ji abin da ya faɗa a ranar. Ya ce rabin maki daga aikin aji da aikin gida yake fitowa, rabi daga jarrabawa. Ya ce kowane lissafi sai an nuna hanyar da aka bi, layi bayan layi, kuma kowane layi da makinsa. Ya ce inda ya sa jan biro, yaro ya yi gyara a ƙarƙashin kuskuren, a shafin nan dai, gyaran ma da makinsa. Ya ce kada a yage shafi ko ɗaya. Kin ji fa abin da na yi ta gyaɗa wa kai.

To Auta, ki faɗa wa yaranki da iyayensu abin da kike so tun ranar farko, kuma kada ki ɗauka faɗa sau ɗaya ya isa. Ki faɗa da harshen da suke ci da sha da shi. In ba ki iya ba, ki nemi wanda ya iya ya tsaya kusa da ke. Ki kuma sa ido a kan matar bencin baya mai yawan gyaɗa kai, ita ce ba ta ji komai ba. Kada ki tambaye ta a gaban mutane, ba za ta amsa ba. Ki raka ta bakin ƙofa, ki gaishe ta, ki tambayi mutanen gida, sannan ki sake faɗa mata a hankali.

Bayan taron da ɗan lokaci na buɗe littafinki na lissafi, sai na ga ja ko'ina. Nan zane, can da'ira, can alamar tambaya, ga rubutunki a jere har ƙasan shafi, wani an soke, wani an sake. Raina ya ɓaci. Na ce wannan wane irin ƙazanta ne? Kika ce, "Mma, haka Ticha yake so. Ya ce a bar kuskuren a wurinsa." Na ce, "Ticha ne ya haife ki? 'Yata ba za ta riƙa yawo da abin kunyarta a jaka ba." Na kama shafin na yage. Na sa ki kika kwafi tambaya da amsarta daidai a sabon shafi, ba dogon surutu a tsakani, rubutu fes kamar na ɗab'i. Na duba na ji daɗi har cikin raina. Allo ya wanku.

Daga nan abin ya zama mini aikin kowace Asabar. In zauna, in bi littafinki shafi-shafi, duk inda ja ya taɓa in cire. Da yake rubutu ba a yar da shi a bola, sai in haɗa takardun in kunna wutar ƙosai da su, ina ganin na mutunta su. Ban tsaya nan ba. Bayan sallar asuba sai in zaunar da ke ki biya mini amsoshin da ka, ina riƙe da tsintsiya, kina rera su kamar tilawa. Kin haddace kuwa, don kanki na ja. Amma ranar gwaji da malamin ya canza lambobi, haddar ba ta san hanyar fita ba.

Zangon farko makinki ya faɗi warwas. Na ce malamin ne ba ya son 'yan Zongo, na ƙara ƙaimi wajen yagewa. Ashe shi kuma can yana ganin littafi yana ramewa kullum, ga amsoshi daidai ba hanya ba gyara, sai ya ɗauka satar amsa kike yi kina ɓoye sawu. Ya yi ta zuba miki sifili. Ya tambaye ki, kika yi shiru, don ba za ki ce uwarki ce ba. Ya aiko ki ki kira ni, kika haɗiye saƙon, don kin san bakina. Kika tsaya a tsakiya, malam na ja nan, uwa na ja can, kina 'yar shekara goma sha uku. Duk sanda na tuna wannan shirun naki sai zuciyata ta yi zafi, har yau.

Saboda haka in kika ga aikin yaro ya zo da wata siffa da ba ki gane ba, kada ki yi saurin cewa ɓarawo ne ko malalaci. Wataƙila akwai wata Adiza a gidansu mai taimakonsa da iya ƙarfinta. Kuma kada ki aiki yaro ya kira miki wanda yake tsoro. Ki ɗauki mayafinki ki je da ƙafarki.

Ana gab da jarrabawar zango na biyu na yi wata dabarar. A wurinmu in karatun yaro ya cije, abinci ake dafawa a kai wa malam, a nemi albarka. Na tashi na dafa wake da shinkafa, na soya wagashi, cukun nan na nonon shanu, na jera ƙwai a kai, na ɗaure da sabon ƙyalle na ba ki ki kai wa Ticha Ziblim. Wallahi ba sayen maki na yi nufi ba, ko da yake in an matsa mini zan ce na ɗan yi fatan hannunsa ya yi laushi. Mutumin nan ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe a gaban aji, ya raba wa yara kaf, shi ko loma bai kai baki ba. Da yamma kika dawo mini da kwano a wanke, kika ce, "Ticha ya ce a gaya wa Mma yara sun gode." Na ce yara? Yara na dafa wa? Ranar ko masu ɗaukar karatu sun ji a jikinsu.

Ke ma za a kawo miki. A can doya za ki gani, da zabi, da gyaɗa a ƙwarya. Kada ki watsa wa kowa ƙasa a ido, yawancinsu girmamawa ce irin wadda suka gada. Ki yi godiya, ki raba inda kowa zai gani. Amma kyauta daban, jan biro daban, kada ki bari su kwana a ɗaki ɗaya.

Sakamakon zango na biyu ya fi na farko muni. Shugabar makarantar ta aiko cewa in lissafinki bai tashi a zango na uku ba, za ki maimaita fom tu. Maganar ba ta kwana ba ta isa kunnen Baffanki. Ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Adiza, kin tuna abin da muka yi da ke? In an rufe makaranta zan zo ɗaukar doya, ki haɗa mata kayanta." Na ce masa to, don ni na ce na yarda da bakina.

Ranar da aka koma makaranta na bar kaskon ƙosai a hannun maƙwabciya, na yafa mayafi, na nufi makarantarku da faɗa a bakina. Ban bi ta ofis ba. Kai tsaye na tsaya a ƙofar ajinku na ce, "Ina mai lissafin?" Na ga kin sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ki shige. Ticha Ziblim ya ajiye alli ya zo ya gaishe ni da Hausarsa ta 'yan Dagomba, ya ce, "Mma, sannu da zuwa. Na daɗe ina nemanki. Ga benci a baya, ki zauna mu gama, sai mu yi magana." Na so in ƙi, amma ya riga ya share mini bencin da hannunsa.

Ya rubuta tambaya a allon bango, ya fassara mini: wata lamba ce a ɓoye, in an ninka ta huɗu aka ƙara takwas sai ta zama sittin, a nemo ta. Ya kira yara biyu. Ɗayan, wani mai rawar kai, ya rubuta goma sha uku kawai ya koma ya zauna yana hura hanci. Ɗayar wata 'yar unguwar Gumani ce mai zuwa a keke, ƙafarta duk ƙura. Ta cire takwas daga sittin ta rubuta, ta ce za ta raba abin da ya rage gida huɗu ta rubuta, ta yi ta jera layi, daga ƙarshe ta rubuta goma sha biyu. Malam ya ce amsar goma sha uku ce. Sannan, cikin maki biyar, ya ba yarinyar huɗu, ya ba yaron ɗaya.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Kai! Wannan wace irin shari'a ce? Wanda ya faɗi daidai an ba shi ɗaya, wadda ta ɓata an ba ta huɗu? Ashe haka kuke yi wa 'ya'yan mutane!" Aji ya fashe da dariya. Shi ko gezau. Ya ce, "Mma, wannan goma sha ukun, ban san inda ya samo ta ba. Ko daga kansa, ko daga littafin na kusa da shi, ko sa'a ce. Ita kuwa na ga inda ta bi, na ga inda ta yi tuntuɓe, a rabawar ƙarshe ne kawai. Yanzu ki duba." Ya goge sittin ya sa wata lamba. Yarinyar ta sake bin hanyarta tiryan-tiryan ta fito daidai. Yaron ya tsaya da alli a hannu yana kallon rufi. Gani ya kori ji. Na koma na zauna.

Da aka fita hutun rabin rana ya ɗauko littafinki, wanda ya koma sirit kamar fatar albasa, ya ce, "Abin da ban gane ba, ina shafukan Rahinatu suke tafiya?" Na ce, "Ni nake yagewa." Ya ce, "Ki kai su ina?" Na ce, "In kunna wutar ƙosai." Mutumin nan ya dafe kai da hannu biyu ya zauna a kan teburin yara, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kira ki ya ce ki yafe masa zargin da ya yi miki. Ni kuwa da na ga fuska ta saki, sai na ce to tunda gaskiya ta fito, a mayar mata da makinta mana. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Mma, ba zan ba da maki a kan aikin da ban gani ba. Wanda ya ƙone ya ƙone. Amma zango na uku yana nan ba a taɓa shi ba. In ta yi aiki sosai za ta iya tsallakewa, sai dai ba wurin sakaci ko kaɗan." Na roƙa, na kira sunan maraici, na ce za a kai ki Kumasi. Ya ce ya ji, kuma abin ya dame shi, amma ba zai rubuta ƙarya ba.

A ranar na tsane shi. Yau kuwa ba na sallah ban sa shi a addu'a ba. Da ya tausaya mini ya ƙara miki abin da ba ki yi ba, da kin wuce fom tu da hadda a ka, ki je ki faɗi a babbar jarrabawa inda ba mai jin roƙon kowa. Auta, za a yi miki kuka, za a durƙusa miki, wata ma sa'ar uwarki. Ki ji tausayi, ki zauna da su, ki nuna musu ƙofar da ta rage a buɗe. Makin dai kada ki taɓa shi.

Kafin in tafi na tambaye shi, ni da ban san boko ba, me zan iya yi miki? Ya ce, "Abu biyu. Ki bar shafi a wurinsa. Sannan in tana aiki, kowane layi ta rubuta ki ce mata, don me?" Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

Na farkon ya fi wuya. In na ga ja a littafinki hannuna har ƙaiƙayi yake yi, sai in cusa shi cikin mayafi. Na biyun kuwa na same shi kamar an yi don ni, kin dai san ni da tambaya. Kullum in mata sun tashi daga karatu, kafin magariba, sai mu zauna a tsakar gida. Ki rubuta layi, in ce don me? Ki ce don an ɗauke wannan an kai shi wancan gefen. In ce don me aka ɗauke shi, laifin me ya yi? Ki yi tsaki ciki-ciki, ki sake bayani. Matan unguwa suna wucewa suna cewa, "Malama ta shiga boko da tsufa!" In ce musu eh, ku zo ku yi rajista. Wata rana na ce don me, kika buɗe baki za ki amsa, sai kika tsaya kina kallon shafin. Can kika daka tsalle kika ce, "Mma, na yar da alamar ragewa a layi na biyu!" Ba wanda ya nuna miki, ke kika gano abinki. Kika yi gyaran a ƙarƙashinsa, kuskuren na zaune a sama kowa na gani, ni kuma ban taɓa shi ba.

Wannan tambayar ki tafi da ita. Ki yi wa wanda ya ɓata, ki yi wa wanda ya ci, musamman ma wanda ya ci.

Littafinki ya yi kauri a zangon nan, makin aikin aji ya hau. Amma ramin da na haƙa miki yana da zurfi, sai jarrabawar ƙarshe ta yi kyau sosai kafin ki fita. Ranar jarrabawar lissafi na kasa suya, na ƙona ƙosai har masu saye suna mita. Da azahar sai ga ki kin shigo kina kuka, ko sallama babu. Kika ce babbar tambayar ƙarshe, mai maki da yawa, ta filin wani manomi da za a kewaye da waya, kin yi ta har ƙasa, amma da kuka fito kowa amsarsa iri ɗaya, taki daban. Kika ce, "Mma, shi ke nan, na tafi Kumasi." Na ce, "Kin nuna hanya?" Kika ce kin nuna. Na ce, "Kowane layi?" Kika ce kowane layi. Na ce to share hawayenki. Da ƙarfi na faɗa, amma ni kaina ban san ko abin da na gani a aji haka yake a jarrabawa ba.

Ana jibi rufe makaranta Baffanki ya iso. Ya gama lodin doyarsa, ya ji labarin tambayar ƙarshe daga bakinki, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya je tasha ya kama kujera biyu a motar Kumasi ta ranar Asabar, tasa da taki. Na haɗa miki kaya a jaka ina haɗawa ina share ido, don alkawari alkawari ne.

Ranar Juma'a muka tafi karɓar sakamako mu uku. Yara sun cika fili da kwanonin abinci irin na ranar rufe makaranta, ana ta kiɗa, mu kuwa kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Ticha Ziblim ya ba mu wuri, ya zaro takardar jarrabawarki ya buɗe shafin manomin nan ya shimfiɗa a tebur. Auta, ban iya karatun boko ba, amma na iya ganin alamar daidai. Ga ta nan a layin farko, ga ta a na biyu, tana ta sauka har ƙasa, sai a layin ƙarshe kaɗai aka sa kuros, alamar kuskure. Cikin maki goma an ba ki tara. Ya ce, "Da wannan, da aikin ajinta na zangon nan, Rahinatu ta wuce fom tiri. Ba da yawa ta tsallake ba, amma ta tsallake, kuma ba wanda ya ɗaga ta."

Baffanki ya jawo takardar ya duba, ya ce, "Malam, tsaya. Ita da bakinta ta ce amsar ba daidai ba ce. Yaya za a ba mutum tara a kan abin da ya ɓata?" Malam ya buɗe baki zai amsa, na ɗaga masa hannu na ce bar ni da shi. Na juya na ce, "Yaya Isifu, in direbanka ya ɗauki doya daga Tamale, ya bi hanya daidai, ya wuce Kintampo, ya wuce Techiman, ya shiga Kumasi, sai ya tsaya a ƙofar shagon maƙwabcinka maimakon naka, za ka ce bai san hanyar Kumasi ba?" Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "Adiza, yaushe kika zama lauya?" Na ce tun ranar da aka zaunar da ni a bencin baya. Sannan ya dube ki ya ce, "To, 'yar ƙanena, ki yi ta karatunki. Allah ya yi albarka."

Ban jira mun fita ba. A nan cikin ofishin malamai na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba tun bikin yayarki. Masu kiɗa suka tsaya, shugabar makaranta ta leƙo a firgice, kika rufe fuska da hijabi kina cewa, "Mma, don Allah!" Na ce ba don Allah ba, bar ni in yi! Na ƙara wata. Daga makaranta har Moshi Zongo a ƙafa muka dawo, takardar nan a hannuna a buɗe, duk wanda ya gaishe ni sai na nuna masa, har da kuros ɗin.

Ranar Asabar na raka Baffanki tasha don in ga ƙarshen abin da idona. Ya nemi a mayar da kujerar, yaran mota suka ce an riga an rubuta, ba a fasawa. Ya tsaya yana ta faɗa, daga baya ya ce a sauko masa da buhun doya ɗaya daga saman mota. Aka ɗora shi a kujerarki, kusa da taga. Haka motar ta tashi, Baffanki na zaune fuska a murtuke, buhun doya na gefensa yana shan iska har Kumasi, ke kuma kina gida kina barcin gajiya.

To Madam Rahinatu, iyakar abin da ke bakina ke nan. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki tafasa ruwa kafin ki sha, ki gaishe da manyan garin tun kafin su neme ki. Allah ya tsare mini ke a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin mai sharri, ya sa hannunki ya yi adalci a kan 'ya'yan mutane, ya sa su yi miki addu'a a bayan idonki. Allah ya dawo mini da ke lafiya in an yi hutu. Amin summa amin.

Ni ce uwarki,
Adiza.